Dunduniya, Tsakiyar Tafi ko Gaban Ƙafa: Wane Taku Ya Dace da Mai Gudun Dogon Zango?

Duk wanda ya ɗan daɗe yana fita gudu bayan sallar asuba, wata rana sai wani ya tare shi ya ce, "Malam, ai da dunduniya kake sauka, za ka kashe gwiwarka." Daga nan shakka ta shiga. Ya koma gida ya buɗe bidiyon 'yan Kenya da Habasha a waya, ya ga kamar ƙafarsu ba ta taɓa ƙasa, ya ƙudurta cewa daga gobe shi ma da gaban ƙafa zai riƙa gudu. Bayan mako biyu sai ka gan shi yana ɗingishi, sha-raɓa ta ɗaure tamau, agara tana zugi. Ni ma na bi ta wannan hanya, kuma ta raba ni da gudu kusan wata biyu. Shi ya sa nake son mu zauna mu auna maganar da kyau kafin wani ya taɓa takun da Allah ya ba shi.

Taku iri uku ake magana a kai. Akwai mai fara dira da dunduniya, sannan tafin ya mirgina zuwa yatsu. Akwai mai dira da tsakiyar tafi, wato dunduniya da tudun bayan yatsu su taɓa ƙasa kusan lokaci guda. Akwai kuma mai fara dira da tudun nan na bayan yatsu, sannan dunduniya ta biyo baya ta ɗan taɓa ƙasa. A lura da wannan na ƙarshe: ba sanɗa ba ce. Wanda yake gudun kilomita goma dunduniyarsa a sama ba ta sauka sam, ba takun gaban ƙafa yake yi ba, wahalar da kansa yake yi.

Dalilin da ya sa maganar ta fi damun mai dogon zango a bayyane yake. Wanda yake taku 170 a minti, idan ya gama gudun fanfalaki na kilomita 42.195 cikin awa huɗu, ya dira sau 40,800 ke nan. Kowace dira kuwa ƙafa tana ɗaukar nauyin da ya ninka na jikinsa sau biyu zuwa uku. Ƙaramin kuskuren da ba zai dami mai buga ƙwallon yamma ba, idan aka maimaita shi sau dubu arba'in, sai ya zama ciwo.

Ma'aunan da zan bi

Na farko, kuma mafi nauyi a wurina, shi ne inda nauyin yake sauka a jiki, domin shi ne yake nuna irin raunin da ke jiran mutum. Na biyu, ko takun yana da ƙarko: zai kai ka ƙarshen tsere, ko kuwa zai watse da zarar gajiya ta shigo? Na uku, sauƙin koyo da tsawon lokacin da jiki yake buƙata ya saba. Na huɗu, kuɗi: wane irin takalmi yake nema, nawa ne, kuma kilomita nawa zai yi kafin ya mutu. Sai kuma ƙasar da kake takawa, domin kwalta daban, burji daban, yashi daban.

Abu ɗaya nake so mai karatu ya riƙe tun daga nan: sauya taku ba ya sauke kaya, wurin ɗauka kawai yake sauya masa. Kamar mai tallan da ya sauke faranti daga ka ya mayar kafaɗa ne. Wuya ya huta, kafaɗa ta karɓa.

Dira da dunduniya

Wannan shi ne takun mafi yawan jama'a, kuma ba na malalata kaɗai ba. Masu bincike a Japan sun kafa kyamara a kilomita na 15 na tseren rabin fanfalaki na Sapporo a 2004, tseren da ya tara manyan 'yan gudu. Sun samu kashi 74.9 cikin 100 da dunduniya suke dira, kashi 23.7 da tsakiyar tafi, kashi 1.4 kacal da gaban ƙafa. Ko a cikin hamsin na sahun gaba, kashi 62 'yan dunduniya ne. A tseren garin Manchester na jihar New Hampshire a Amurka, wanda yawancin masu yinsa irinmu ne 'yan sha'awa, an ƙirga kusan kashi 89 a kilomita na 10, da aka kai kilomita na 32 kuwa sun ƙaru zuwa kashi 93.

Wanda ya fi ɗaukar hankalina shi ne gasar duniya ta 2017 a Landan. An ɗauki hoton takun 'yan fanfalaki a zagaye daban-daban, aka ga a kowane wuri fiye da rabin maza da aƙalla kashi biyu bisa uku na mata da dunduniya suke dira. Maza huɗun da suka zo kan gaba, ciki har da Geoffrey Kirui na Kenya da ya ci zinare, duk 'yan dunduniya ne. Saboda haka duk wanda ya ce maka ba a yin sauri da dunduniya, ka tambaye shi me zai ce game da waɗannan.

Amma akwai kuɗin da ake biya. Idan dunduniya ta bugi ƙasa, ana samun wani bugu mai kaifi a farkon dira, cikin abin da bai wuce kashi ɗaya bisa ashirin na daƙiƙa ba, kuma yana hawa ta ƙwauri zuwa gwiwa da kwatangwalo. Gwiwa ce take shan mafi yawan aikin, musamman bayan ƙoƙon gwiwa. Ciwon da aka fi gani a nan shi ne zafin gaban gwiwa lokacin saukowa daga bene ko bayan dogon zama, da raɗaɗin ƙwauri, wani lokaci da ciwon gefen gwiwa ta waje. Wani nazari da aka buga a 2012 kan 'yan gudu 52 na Jami'ar Harvard ya nuna 'yan dunduniya sun ninka 'yan gaban ƙafa wajen samun raunin da maimaita taku ke jawowa. Wannan nazari ne ya tsorata mutane da yawa. Sai dai ƙungiya ɗaya ce ta matasa masu gudu da sauri ƙwarai, kuma an waiwayi tarihin rauninsu ne, ba a sauya wa kowa taku aka ga ya warke ba.

A nan ne nake ganin ake haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Akwai dunduniyar da take sauka a hankali kusa da ƙarƙashin jiki, gwiwa a ɗan lanƙwashe, tafin ya kwanta nan da nan. Akwai kuma wadda ake miƙawa can gaba, gwiwa a miƙe kamar sanda, yatsu suna kallon sama. Ta biyun birki ce. Kowane taku kana taka birki, sannan ka sake tada mota. Ita ce take cin gwiwa, kuma ita ce mutane suke gani su tsine wa dunduniya baki ɗaya.

Wajen ƙarko, wannan taku ba ya da na biyu. Ba ya matsa wa sha-raɓa, don haka yana kai mutum ƙarshen tsere, kuma shi ne wanda jiki yake komawa idan ya gaji. Gwaje-gwajen numfashi sun nuna cewa a gudu mai matsakaicin sauri, ɗan dunduniya ba ya ƙona ƙarfi fiye da ɗan gaban ƙafa, idan kuma aka tilasta masa ya sauya, sai ya ƙara ƙonawa. Koyo kuwa babu, da shi aka same ka.

Kuɗi: yawancin takalman gudu da ke kasuwa don wannan taku aka yi su. Dunduniyarsu ta fi gaba tudu da milimita 8 zuwa 12, kuma an cika ta da soso. Sabo daga manyan kamfanoni yakan kama daga dala 100 zuwa 150, abin da ba kowa zai iya ba, shi ya sa mafi yawanmu gwanjo muke nufa, a Ƙofar Wambai ko wata kasuwar garinmu. Matsalar ita ce ɗan dunduniya ya fi kowa dogara da soson, soso kuma yakan mutu bayan kilomita 500 zuwa 800 ko da saman takalmin yana ƙyalli. Idan za ka sayi gwanjo, kada kyan fuska ya ruɗe ka. Juya shi ka duba gefen dunduniya ta waje ko ya cinye. Danna soson da babban yatsa, ka ga ko zai dawo. Ɗora shi a kan tebur, idan ya karkace gefe guda, ajiye shi ko da an sallama maka a rabin kuɗi.

Dira da gaban ƙafa

Wannan taku ya yi tashe ne daga wajen 2010, lokacin da Daniel Lieberman na Harvard da abokan aikinsa suka buga bincikensu a mujallar Nature. Sun auna 'yan gudu a Amurka da yankin Rift Valley na Kenya, suka ga waɗanda suka tashi suna gudu ba takalmi sun fi dira da gaban ƙafa, kuma bugun nan mai kaifi na farkon dira kusan ba ya bayyana a takunsu. Nan da nan magana ta bazu cewa wannan ne takun asali na ɗan Adam, takalmi ne ya ɓata mu.

Bayan shekara uku sai wani bincike ya fito daga arewacin Kenya, kan mutanen Daasanach da ke kusa da tafkin Turkana, waɗanda su ma ba takalmi suke yawo. Cikin mutum 38 da aka auna, kashi 72 cikin 100 da dunduniya suke dira idan suna gudun da ba na gaggawa ba. Sai sun ƙara sauri ne wasu suke komawa tsakiya ko gaba. Ashe har a cikin marasa takalmi babu taku ɗaya. Sauri da taurin ƙasa da sabo su ne suke zaɓa.

Amfanin wannan taku gaskiya ne, ba na musunsa. Agara da bakan tafin ƙafa kamar roba suke: suna miƙewa idan ka dira, su tara ƙarfi, su mayar maka lokacin tashi. An ƙiyasta agara tana adana kusan kashi 35 cikin 100 na ƙarfin kowane taku, bakan tafi kuma kusan kashi 17. Mai dira da gaba yana jan wannan roba sosai, kuma gwiwarsa tana samun sassauci. Akwai ma ciwon da aka ga sauya taku ya taimaka masa ƙarara: matsewar tsokar gaban ƙwauri, wadda take kumbura da zafi bayan 'yan mintuna da fara gudu, ta lafa idan an tsaya. A makarantar sojoji ta West Point a Amurka, an koya wa mutum goma masu wannan ciwo dira da gaban ƙafa tsawon mako shida, suka samu sauƙi, ba wanda ya kai ga tiyata.

To amma ina kayan ya koma? Ya koma agara, sha-raɓa, idon sawu, da siraran ƙasusuwan nan biyar da ke bayan yatsu. Su kuwa ba sa sabawa da wuri. Tsoka takan ƙarfafa cikin makonni, amma agara da ƙashi watanni suke nema. Wannan tazara ce take kayar da mutane: numfashinka ya ce ci gaba, ƙashinka bai shirya ba. A Jami'ar Brigham Young an bi 'yan gudu da suka koma siririn takalmi mai yatsu cikin mako goma, aka ɗauki hoton ƙafafunsu kafin da bayan. Goma daga cikin 19 sun nuna kumburi a cikin ƙashin ƙafa. A 2014 kamfanin Vibram, mai yin wannan takalmi, ya amince ya biya dala miliyan 3.75 don sasanta ƙarar da aka kai shi kan iƙirarin cewa takalmin yana rage rauni, ko da yake bai amsa laifi ba.

Nawa raunin a agarar hagu ya fito. Na sauya taku rana ɗaya, ban rage nisa ba, a kan kwalta, da takalmin da wani mai shago ya rantse mini shi ne na zamani. Alamar farko ita ce taurin bayan dunduniya da safe, in sauko daga gado ina takawa kamar tsoho, bayan minti biyar ya saki. Na yi biris da ita har ta kai ba na iya hawa bene. Duk wanda ya ji wannan taurin safe, ya tsaya ya saurara.

Wajen ƙarko a tsere, takun gaba yana da kyau a mita 800, 1,500, har zuwa kilomita biyar ga wanda ya saba. A fanfalaki kuwa kaɗan ne suke riƙe shi har ƙarshe, domin sha-raɓa takan gaji tun kafin numfashi ya ƙare. Takalminsa ya fi son wanda tudun dunduniya bai wuce milimita 0 zuwa 6 ba. Irin wannan ya fi wuyar samu a gwanjo, amma idan mara soso ne yakan daɗe, tunda babu abin da zai mutu sai robar ƙasa. Kuɗin gaske a nan ba na takalmi ba ne, na lokaci ne: wata uku zuwa shida na rage nisa, ko kuɗin asibiti idan aka yi gaggawa.

Mutane sukan kawo Abebe Bikila na Habasha a matsayin hujja, tunda ya ci fanfalakin Olamfik na 1960 a birnin Rum ba takalmi, cikin awa 2 da minti 15 da daƙiƙa 16. Gaskiya ne. Amma a 1964 a Tokiyo ya sake ci da takalmi, cikin awa 2 da minti 12 da daƙiƙa 11. Ƙafar da ta yi shekaru tana atisaye a tsaunukan Habasha ce ta ci, sau biyun.

Dira da tsakiyar tafi

A kan wannan ba ni da doguwar magana, domin shi ne tsaka-tsaki ta kowace fuska. Gwiwa tana samun ɗan sauƙi, agara tana ɗaukar ɗan ƙari, babu wanda aka danne. Yana tafiya da kusan kowane takalmi, ko da yake mai tudun milimita 4 zuwa 8 ya fi yi masa daɗi, kuma ƙasan takalmin yakan cinye daidai wa daida, don haka yana ɗan ƙara kwana. Yawancin masu horarwa shi suke yabo.

Abin da ba a faɗa shi ne da wuya a same shi ta hanyar nemansa kai tsaye. Mai ƙoƙarin ya kifa tafinsa shimfiɗe yakan ƙare yana buga ƙasa fam-fam, idon sawu a sandare. Yawanci zuwa yake da kansa idan mutum ya gajarta takunsa. Sannan da yawa daga masu cewa da tsakiya suke dira, idan aka ɗauki bidiyonsu sai a ga dunduniya ce. Kafin ka yanke wa kanka hukunci, ka sa wani ya durƙusa a gefen hanya ya ɗauke ka da waya daga gefe, a yanayin da ke rage saurin hoto, sau ɗaya a farkon gudu, sau ɗaya bayan ka gaji.

| Ma'auni | Dunduniya | Tsakiyar tafi | Gaban ƙafa |
|---|---|---|---|
| Inda nauyi ya fi sauka | Gwiwa, ƙwauri, kwatangwalo | An raba tsakanin gwiwa da agara | Agara, sha-raɓa, ƙasusuwan bayan yatsu |
| Raunin da aka fi gani | Zafin gaban gwiwa, raɗaɗin ƙwauri | Kaɗan daga kowane ɓangare | Ciwon agara, tsagewar ƙashin ƙafa |
| Ƙarko a dogon tsere | Yana kaiwa ƙarshe | Yakan koma dunduniya idan an gaji | Da wuya ya kai kilomita 42 |
| Lokacin sabawa | Babu, ga mafi yawan mutane | Makonni zuwa wata biyu | Wata uku zuwa shida |
| Tudun dunduniyar takalmi | Milimita 8 zuwa 12 | Milimita 4 zuwa 8 | Milimita 0 zuwa 6 |
| Samun takalmi a gwanjo | Da sauƙi, amma a duba soso | Da sauƙi | Da ɗan wuya |
| Ƙasar da ta fi yi masa | Kwalta da gangara, da takalmi mai soso | Kusan ko'ina | Hawan tudu, filin tsere, ciyawa |

Abin da ya fi ukun muhimmanci

A 2020 masu bincike a Ostireliya sun tattara nazarce-nazarce 53 kan wannan batu, suka kammala cewa babu hujjar da za ta sa a ce wa ɗan dunduniya mai lafiya ya sauya taku, ba don gudun rauni ba, ba don ƙarin sauri ba. Ni ma nan na tsaya. Tambayar da ta fi amfani ba "da wane sashe na dira" ba ce, "a ina na dira" ce: can gaba da jiki, ko kusa da ƙarƙashinsa?

Hanya mafi sauƙi ta gyara wannan ita ce ƙara yawan taku a minti, wato gajarta kowane taku. A Jami'ar Wisconsin an gwada 'yan gudu 45 a 2011, aka sa su ƙara yawan takunsu da kashi 5 da kuma kashi 10 cikin 100 ba tare da ƙara sauri ba. Nauyin da gwiwa take sha ya ragu da kusan kashi ɗaya bisa biyar a ƙarin farko, da kusan kashi ɗaya bisa uku a na biyu. Ba a ce wa kowa ya bar dunduniya ba, kuma ba a sayi sabon takalmi ba. Ka ƙirga sau nawa ƙafarka ta dama take taɓa ƙasa cikin daƙiƙa 30, ka ninka sau huɗu. Idan ka samu 156, ka nufi 164, ka zauna a kai mako uku ko huɗu kafin ka ƙara.

Za ka ji ana cewa dole sai 180. Lambar ta samo asali ne daga mai horarwa Jack Daniels, wanda ya ƙirga takun 'yan tsere a Olamfik na 1984 a Los Angeles ya ga kusan dukansu 180 suke yi ko fiye. Amma waɗannan zakarun duniya ne a tsakiyar gasa. Dogon mutum mai sassarfar safe ba sai ya kai nan ba.

Sauran jiki kuma, 'yan abubuwa ne. Tsaya a miƙe kamar an ɗaura zare a tsakar kanka ana ja sama. Ɗan karkata gaba daga idon sawu, ba daga ƙugu ba, domin mai lanƙwasa ƙugu yana matse numfashinsa kuma yana jefa ƙafa gaba. Kafaɗu a sake. Gwiwar hannu a lanƙwashe, hannu yana tafiya gaba da baya, kada ya riƙa tsallaka tsakiyar ƙirji. Yatsu a dunƙule sako-sako kamar ka riƙe ƙwai. Ido a kan hanya 'yan mitoci gabanka, ba a kan takalminka ba. Kunne ma malami ne: idan ana jin tahowarka daga nesa, ka nemi takun da ya fi shiru.

Ƙasar da muke takawa tana da nata hukunci. A kan burji da hanyar gona jiki yakan gajarta taku da kansa saboda rashin daidaito, wanda alheri ne. Yashi mai zurfi yana gajiyar da agara ko da wane taku kake yi. 'Yan gudun Filato, waɗanda suka daɗe suna kan gaba a tsakanin 'yan Najeriya a dogon zango, suna atisaye a tuddan Jos da Pankshin, kuma duk mai hawan tudu ya san ƙafa da kanta take komawa gaba a hawa, ta koma dunduniya a gangara. Mutum ɗaya yana iya yin taku ukun a fita ɗaya. Game da gudu ba takalmi kuwa, ga ƙaya, ga ƙarangiya, ga fasasshiyar kwalba, ga faso lokacin hunturu. In za a yi, a yi shi 'yan mintuna a filin ciyawa da aka duba. Mai ciwon suga kada ya kusance shi ko kaɗan.

Takalman nan masu farantin kabon a ciki, irin Vaporfly da Nike ta fitar a 2017 kan dala 250, an auna suna rage ƙarfin da ake ƙonawa da kusan kashi 4 cikin 100, har hukumar wasannin guje-guje ta duniya ta ƙayyade kaurinsu a milimita 40 a 2020. Ba sa tilasta wani taku, kuma sun fi takalmin yau da kullum saurin mutuwa. Na ranar gasa ne, ba maganin ciwon gwiwa ba.

Wa ya dace da wanne

Idan kana gudu da dunduniya shekara da shekaru ba abin da ke maka ciwo, bar ta. Ka ɗauki bidiyo ka tabbata ba ka miƙa ƙafa can gaba, ka sauya takalmi idan soso ya mutu, shi ke nan. Haka ma sabon shiga, da mai nauyin jiki da yake son rage ƙiba, da wanda ya haura shekara arba'in: su bar ƙafa ta sauka yadda take so, su mai da hankali ga gajeren taku da ƙara nisa sannu a hankali.

Mai fama da zafin gaban gwiwa ko ƙwauri da yake tafiya yana dawowa, ya fara da ƙara yawan taku kashi 5 zuwa 10 cikin 100, tare da ƙarfafa cinya da ɗuwawu. Sau da yawa wannan kaɗai zai matso da shi tsakiyar tafi ba tare da ya nema ba. Sai idan an yi wata biyu ba sauƙi ne za a yi maganar komawa gaban ƙafa, kuma gara a yi ta da shawarar likitan ƙashi ko masu gashin ƙashi na asibiti. Tsarin shi ne minti ɗaya da sabon taku, huɗu da tsohon, sau biyu ko uku a mako, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan, tare da ɗaga dunduniya a bakin matakala don ƙarfafa sha-raɓa.

Wanda ya taɓa ciwon agara, ko zafin ƙasan dunduniya da safe, ko tsagewar ƙashin ƙafa, gaban ƙafa ba nasa ba ne. Takalmi mai tudun dunduniya ya fi masa, domin yana rage wa agara miƙewa. Ko ɗan gaban ƙafa na asali, idan agara ta matsa masa, yana iya samun hutu ta hanyar barin dunduniya ta sauka da wuri.

Matashin da ya tashi yana ƙwallo ba takalmi, mai nufin mita 1,500 ko kilomita biyar, wanda da ma da gaba yake dira, ya ci gaba da abinsa, ya dai kula da sha-raɓa idan zai ƙara nisa. Mai shirin tseren kilomita 10 na Okpekpe a jihar Edo, ko fanfalakin Legas da ake yi a Fabrairu, ko gwajin gudu na shiga aikin soja ko ɗan sanda, idan saura ƙasa da wata uku, kada ya taɓa takunsa sai bayan an gama. Kuma duk wanda ya ji zafi a wuri guda a saman ƙafa ko ƙwauri, wanda zai iya nunawa da yatsa ɗaya, yana ƙaruwa idan ya yi tsalle da ƙafar, ya daina gudu a ranar ya je asibiti a ɗauki hoto, kada ya tsaya shafa man zafi.